Rigar da Aka Ɗinka da Tsohon Awo

Shekarar da abin ya faru ta ɓace mini, haka ma sunan ƙasar da ya je. Tsufa yana ta kwashe mini kaya ɗaya bayan ɗaya. Amma mutumin ina tuna shi sarai. Tela ne mai hannu, sai dai girman kai ya yi masa yawa, ba ya son a ce ya gaza.

Ranar da zai tafi ƙasar waje ya auna mahaifiyarsa, ya rubuta awon a wata 'yar takarda. Ya ce, "Inna, da na buɗe shagona, rigar farko taki ce. Da hannuna zan kawo miki."

Ta yi dariya. "Kai dai ka kawo kanka, rigar ta biyo baya."

Shago bai samu ba. Abin da ya samu wani ɗaki ne marar taga a ƙarƙashin kantin wanki da guga, inda yake rage tsawon wanduna da sauya zif daga safe har yamma. Amma a waya sai ya ce shagonsa kekunan ɗinki shida ne. Da ya faɗi haka, hanyar gida ta toshe masa, domin da wane ido zai koma hannu biyu?

Kewa kuwa tana cinsa. In tururin guga ya sauko masa, sai ya ji ƙamshin zanen Inna a kan igiyar shanya, ya tsayar da keke.

Wata rana ƙanwarsa ta kira shi. "Yaya, Inna fa ta fara mantuwa. Ɗazu ta kira ni Goggo."

"Ke Auta, kin cika zuzuta abu. Wa zan bar wa shago?"

"To, mai shago. Allah ya ba da kasuwa." Ta kashe wayar.

Sai da aka yi shekara goma sha uku sannan ya sauko. Ya lalubo takardar, ya ɗinka rigar daidai da awon, ya kama hanya.

Ya tarar da Inna a bakin gado, ta koma kamar rabinta. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa da ladabi, yadda ake amsa wa baƙo. Auta ta saka mata rigar. Kafaɗa ta zube, hannu ya rufe yatsu.

Inna ta shafa ɗinkin ta ce, "Aiki ya yi kyau. Amma wanda ya ɗinka bai san ni ba. Ku ajiye, ɗana tela ne, yana hanya, zai rage mini."

"Inna, ni ne fa."

"Sannu, bawan Allah. Ka sha ruwa?"

Kwana ashirin yana gabanta ba ta gane shi ba, har Allah ya karɓi abinsa.

Darasin a fili yake: kada kunyar rashi ta hana mutum gida, domin iyaye ba sa tsayawa a yadda aka bar su, kuma fuskar ɗansu suke jira, ba shagonsa ba. Da yake ban yarda da ƙwaƙwalwata ba, daga baya na je na tambayi Auta. Ta tabbatar mini tun shekara ta biyu Inna ta san babu shago, wani da ya dawo daga can ya faɗa mata. Inna ce da kanta ta hana a nuna masa an sani.