Sunan Wa Za a Sa wa Gadar Gangare?

Ku gyara zama, ku masu son gardama, yau na zo muku da wadda za ta hana ku tashi da wuri. Amma ku bari in kai ƙarshe tukuna, sannan kowa ya faɗi tasa.

A wani gari akwai unguwa da ake kira Gangare. Sunan bai yi ƙarya ba, domin duk ruwan da ya sauka a kan tudu, daga kasuwa har tasha, nan yake gangarowa ya yada zango. Mai unguwarsu Jatau ne, dattijo mai kishin unguwarsa, wanda in ka kushe Gangare a gabansa sai ya yi mako bai amsa gaisuwarka ba. Wata damina ambaliya ta rushe gidaje arba'in da ɗaya, har da ɗakin da aka haife shi. Jatau ya tsaya cikin laka har gwiwa, ya yi wa mutanensa alkawari cewa muddin yana numfashi ba za su sake naɗe tabarmi su koma makarantar firamare da zama ba.

Da rani ya kama, ƙaramar hukuma ta ce za ta gina babbar magudana ta siminti da za ta kwashe ruwan ta kai rafi, da gada a kanta. Sai dai aikin zai ci dakalai da zaurukan mutane. Jatau ya ce sun yarda, amma da sharaɗi: unguwa za ta zaɓi mutum uku nata, ba ma'aikatan hukuma ba, ba yaran ɗan kwangila ba, su sa ido a kan aikin, kuma ba za a karɓe shi ba sai magatakardansu ya sa hannu. Aka yi ta ja-in-ja, daga bisani aka rubuta haka. Ciyaman ya buga hatimi yana murmushi, a ganinsa ai wannan duk kwalliya ce.

Da aka ji waɗanda Jatau ya gabatar, mutanen kan tudu suka yi ta dariya. Ga mai fura, ga tsohon magini da haƙoransa suka zube, ga magatakardan kotu da ya yi ritaya. Jatau bai kula su ba, ya san abin da ya gani a jikin kowannensu.

Ta farko ita ce Hansai mai fura. Shekara arba'in tana wanke gero kowace safiya tana watsa ƙasari a ƙofar gida, saboda haka babu tudu ko kwari a unguwar nan da farin ruwan nan bai nuna mata ba. Ba ta san lissafin injiniya ba, amma ta san inda ruwa ke son zuwa. Da aka gama zuba ƙasan magudanar, kowa ya leƙa ya ce sumul. Ita kuwa sai ta ɗauko bokitin ƙasarinta ta tuttula a ciki, ta tsaya tana kallo. Ruwan ya yi 'yar tafiya, ya tsaya kamar mai tunani, sai ya juyo baya ya nufi gidajen mutane. Washegari ta sake, ya sake juyowa. A rana ta uku ta je ta janyo Jatau ta nuna masa. Ashe ƙasan magudanar ya ɗan yi tudu a tsakiya, tudun da ido ba ya gani. Shugaban leburori ya ce yaushe mai fura ta fara koya wa injiniya aiki, ya kuma hana yaransa sayen furarta, alhali su ne manyan masu cinikinta a ranin nan. Hansai ta ce, "Ku sha ko kada ku sha, ruwa dai baya yake komawa." Ba ta fasa zuwa da bokitinta ba ko rana ɗaya.

Na biyu shi ne Tanimu magini. Rabin gidajen Gangare hannunsa ne ya ɗora su, kuma yana da wata ɗabi'a da yara ke yi masa tsiya a kanta: ba ya wuce sabon gini sai ya ƙwanƙwasa shi ya kasa kunne. Ya sauka cikin magudanar da 'yar gudumarsa, yana tafiya yana bugun bango taku bayan taku, tun daga kan tudu har inda ta yi kwana ta nufi rafi. A nan ya tsaya. Bangon ya sha shafe, sai sheƙi yake, amma amonsa ya bambanta. Ya ce wa Jatau, "Mai unguwa, gini mai lafiya amsawa yake yi. Wannan tari yake." Ya zaro ƙusa ya kankare shafen, sai yashi ya fara zuba kamar gari, ga rodin da ke ciki tsakaninsa da ɗan'uwansa sai ka yi kamu biyu. Kwanar nan kuwa ita ce inda ruwa zai doka da dukan ƙarfinsa, kuma a bayanta gidajen ƙasa ne jere. Aka ce masa ai ko an so a ƙara wa bangon kauri babu fili, ɗakin wani ya tare wurin. Ɗakin nan na Tanimu ne, shi ne ginin farko da ya yi da hannunsa ranar da maigidansa ya yaye shi. Ya ce in dai fili ne matsalar, an samu.

Na uku shi ne Malam Cindo, magatakardan. Shi bai san gangaren ƙasa ba, bai san amon siminti ba, amma duk abin da biyun nan suka gani sai ya rubuta shi da rana da wuri, ya kai ofis. Takarda ta farko ta ɓace. Ta biyu aka ce ana dubawa. Sai ya hau mota ya tafi wani gari, ya zo da wani injiniya da ba ya cin tuwon kowa a nan, ya auna ya tabbatar da maganar mai fura da ta magini. Duk da haka hukuma ta sa ranar bikin karɓar aiki, don ta san wani abu. Bayan an zaɓi Malam Cindo ne kwangilar ta faɗa hannun Alhaji Arzika, uban mijin Ladidi, 'yar Malam Cindon. Tun a lokacin Malam ya je ya faɗa wa Jatau, ya ce a sauya shi, Jatau ya ƙi. Ku kun san yadda ake tsakanin surukai. Mutumin da ko abinci ba ka iya ci a gabansa, shi za ka tsinka a bainar jama'a? Kowa ya ɗauka Malam Cindo zai sa hannu kawai.

Ranar biki aka kafa rumfa, aka jera kujeru, makaɗa na ta kirari. Jatau na zaune cikin babbar riga, amma har ya fara zargin kansa da ya ƙi sauya mutumin. Aka miƙa wa Malam Cindo biro a gaban ciyaman, Alhaji Arzika na gefe yana murmushi. Malam ya karɓa da hannu biyu, ya dubi takardar, ya ajiye biron a kanta. Ya ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji surukina ne, ina jin nauyinsa har gobe. Amma hannun nan yau ba nawa ba ne, aro aka ba ni daga mutanen Gangare. Ba zai sa ba sai an gyara." Ganga ta yi shiru. Ciyaman ya nemi a kewaye batun sa hannun, Malam ya zaro takardar sharaɗin nan mai hatimin ciyaman ya karanta ta a fili daga farko har ƙarshe. Jatau ya ce tun da aka naɗa masa rawani bai taɓa jin kansa ya yi tsawo kamar ranar ba.

Ba a so ba, amma dole aka dawo da diga da shebur. Aka fasa ƙasan magudanar aka sake zuba shi, Hansai na biye da bokitinta, har ranar da ƙasari ya miƙe bai waiwayo ba sai rafi. Aka rushe bangon kwana aka ɗaure shi da rodi sosai, kuma Tanimu ne ya fara kai wa ɗakinsa sara, ya koma kwana a zaure. Gidan Alhaji Arzika kuwa aka bar gaisawa da gidan Malam Cindo, Ladidi ta yi wata uku ba ta taka ƙofar gidan ubanta ba. Mako shida aka yi, sannan Malam ya ɗauki biro.

A tsakiyar damina, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, hadari ya haɗo daga gabas, aka kece da ruwan da tsofaffi suka ce ya fi na shekarar ambaliya. Jatau ya kasa zama a gida. Ya fito ba lema, ya tsaya a kan gada, ruwa na dukansa. Ya ga jan ruwa ya taho daga kan tudu da buhuna da rassan itatuwa, ya bi ta tsakiya bai tsaya ba, ya doki kwana da ƙara kamar aradu, bangon ya karɓe shi ya juya shi rafi. Har la'asar sakaliya ana yi. Da aka ɗauke, aka zaga unguwa gida-gida, ko tabarma ɗaya ba ta jiƙe ba. Mutanen kan tudun nan masu dariya, su ne suka gangaro kallo. Jatau ya tsaya yana nuna musu da sanda, ga inda mai furarmu ta gyara, ga inda magininmu ya gyara, hawaye na bin gemunsa bai damu ya share ba.

To, a garin nan kowace gada sunan mutum ɗaya take ɗauka, don bakin jama'a ba ya riƙe uku. Unguwa ta taru ta ce mai unguwa ya zaɓa. Jatau ya kira su ukun ya tambaye su. Hansai ba ta yi kara ba, ta ce, "Ni mana, Mai unguwa. Wa ya fara gani?" Tanimu ya ce a je a tambayi bangon kwana. Malam Cindo ya ce shi bai yi komai ba sai ƙin yin abu, ya sunkuyar da kai.

Jatau ya juya maganar ta kowace fuska. Da Hansai ba ta tuttula ƙasarinta ba, da ruwan ya cika ya dawo cikin ɗakuna, komai ƙarfin bango. Da an gyara gangare kawai Tanimu bai ƙwanƙwasa ba, da ruwan ya iso kwana da gudu ya fasa ta, ɓarnar ta fi ta da. Da kuma Malam Cindo ya ji kunyar suruki ya sa hannu, da abin da biyun suka gani ya ƙare a hirar bakin masallaci. Ɗaya ta rasa cinikinta, ɗaya ya rasa ɗakinsa, ɗaya ya rasa zumuncin da har yau bai gama ɗinkewa ba.

Allon na nan a bakin gada, an shafa masa farin fenti, mai rubutu na jira, Jatau kuwa ya kasa zaɓa. To, ku da kuka ji yadda aka yi, sunan wa ya fi cancanta a rubuta a kai: na Hansai, na Tanimu, ko na Malam Cindo?