Riƙon da Sufana ya koya wa Tela

Akwai wani mai gareji da ake ce wa Sufana, saboda duk abin da hannunsa ya kama sai ya ji a jikinsa. Ka miƙa masa hannu lafiya lau, ka karɓo shi kamar mota ta taka.

Shekararsa tara yana buga golf. Ga wanda bai sani ba, ƙaramar ƙwallo ake kora da sanda har ta faɗa rami, ramuka goma sha takwas, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. A zauren kulob ɗinsu akwai allon katako da ake rubuta sunayen waɗanda suka ci gasar shekara. Burin Sufana ke nan a duniya. Kullum ya shigo sai ya tsaya yana kallon gurbin da ba a rubuta kowa ba tukuna.

Shi ya jawo ƙanin matarsa cikin wasan, wani tela siriri marar hayaniya. Kuma in faɗa muku gaskiya, ba don Allah ya kawo shi ba. Wanda zai riƙa lallasawa ran hutu yake nema.

Ranar farko Koci, dattijon da ke koyar da su, ya dubi yatsun Tela ya ce, "Yaya kake riƙe yadi a bakin allura?"

"A hankali. In na matse ya tattare, in na saki ya zame."

"To haka za ka riƙe sandar nan." Ya juya wajen Sufana. "Kai kuma shekara tara ina gaya maka, sanda ce, ba noti ba."

Aka yi dariya. Sufana ma ya yi, amma iya haƙori.

Wata biyar kacal, Tela ya fara kayar da shi. In ya ɗaga sanda ya juya kafaɗa, ƙwallo ta tafi ɗoɗar kamar an ja zare. Sufana kuwa ya taƙarƙare, jijiyar wuya ta tashi, ƙwallo ta karkace ta nufi bishiyoyi.

A gida ma bai tsira ba. Matarsa tana zuba masa ruwa ta ce, "Maigida, ashe Autanmu ya zama gwani? Ko za ka ce ya ɗan nuna maka?"

Ranar ko abinci bai ci ba.

Saura sati uku gasa, aka yi wa Koci aikin gwiwa, ya kwanta a gida. Sufana ya ga dama ta samu. Ya ja Tela gefe, ya dafa kafaɗarsa.

"Auta, riƙon da Koci ya koya maka na 'yan koyo ne. A gasa hannu gumi yake. Matse ta da ƙarfi, ka murɗa hannun dama ya koma ƙasa."

"Yaya, ai in na yi haka karkacewa take."

"Da farko ne. Ka daure. Kuma duk wanda ya ce ka sassauta ran gasa, baƙin ciki yake maka. Ko ni ne na faɗa, ka san gwada ka nake."

Tela ya ce to. Mijin yayarsa ne, shi ya fara sa masa sanda a hannu, me zai sa ya zarge shi? Sati uku yana matsa sanda, ƙwallo tana bin daji, Sufana yana daga nesa yana jin sanyi a ransa.

Gasar nan bibbiyu ake yin ta, kuma ƙwallo ɗaya mutum biyun suke bugawa: inda abokinka ya ajiye ta, daga nan za ka ɗauka. Ƙuri'a ake jefawa a hula da safe don a haɗa kowa da abokin wasansa. Mutum arba'in ne, don haka Sufana ko a mafarki bai kawo komai ba.

Aka sa hannu a hula. Sufana da Tela.

Ramin farko, Tela ya damƙe sanda yadda aka koya masa, ya aika ƙwallo cikin ƙaya. Wa zai shiga ya bugo ta? Yaya. Rami na uku, gindin bishiya. Na biyar, cikin yashi. Sufana ya fito wando duk ƙarangiya, ya matso ya yi ƙasa da murya don kar abokan hamayya su ji.

"Auta, ɗan sassauta hannun."

Tela ya yi murmushi. "Haba Yaya. Ai na gane gwajin."

"Ba gwaji ba ne."

"Haka ka ce za ka ce."

Jama'a, kun taɓa ganin mutum ya kulle ƙofa ya jefa makulli rijiya, sannan ya tuna shi ne a ciki? Kalma ɗaya za ta fitar da shi, amma girman kai ya riƙe masa harshe har rami shida.

Sai a na goma sha biyu, yana tsaye a bakin tafki, taɓo har idon sawu, ya ɗago.

"Ƙarya na yi maka. Riƙon Koci ne daidai. Haushinka nake ji."

Tela ya zare safar hannunsa, ya buɗe tafinsa. Duk ya yi bororo, wasu sun fashe.

"Sati uku ke nan almakashi yana gagarata, Yaya."

Ya mayar da safar, ya ɗauki sanda da yatsu kamar mai riƙe yadi. Daga nan har ƙarshe ƙwallonsa ba ta sake barin hanya ba. Suka yi ta cin rata, har 'yan kallo suka dawo bayansu.

Da aka haɗa lissafi, sun zo na biyu. Bugu ɗaya ya raba su da na farko.

Sufana yana tsaye a zaure, sai mai fenti ya zo ya cike gurbin nan da sunan wasu. Tela ya tsaya kusa da shi, ya ce a hankali, "Bugu ɗaya ne, Yaya. Na ƙaya za mu ce, ko na yashi, ko na tafki? Kai ka zaɓa."

Darasi: Hassada makauniya ce, ba ta ganin cewa wanda kake karya wa hannu yau, gobe da hannun nan za a ce ka ci abinci. In ɗan'uwanka ya fi ka, tambaye shi yadda ya yi. In kuma ka riga ka yi ɓarna, faɗi gaskiya tun a ramin farko, kafin ta yi maka tsada. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan aiki, wataƙila akwai mai matse sanda a cikinsu.