Hayaƙin da Ya Ci Malam Ilu

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi sai ya faɗi nasa hukuncin.

A wani gari an yi wata mata mai wankau, sunanta Tasalla. Gidansu na jikin katangar wata masana'anta da ke ƙona sharar gari tana samar da wutar lantarki. Ranar buɗe ta aka tara mutanen unguwa, aka nuna musu wata ƙatuwar na'ura. Aka ce ita za ta tace hayaƙin, ta kama iskar nan mai ɗumama duniya ta ɗura a tankuna, ba abin da zai fita sai tururi. Aka yi tafi, aka ci shinkafa, aka watse.

Ba a yi wata uku ba Tasalla ta fara kwashe shanyarta da ɗigon baƙi. Mijinta Malam Ilu, da yake dama yana da asma, ya kama tari ba ƙaƙƙautawa. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, duk ranar da motocin baƙi suka shiga masana'antar, kaya fes suke bushewa, Malam Ilu ma ya samu numfashi. Baƙi na fita, sama ta sake turnuƙewa. Sau huɗu tana zuwa ƙofar, masu gadi na koro ta kamar ta zo roƙo. Damina ba ta ƙare ba Malam Ilu ya cika.

Ranar sadakar uku ƙanenta Ɗanlami, wanda ke aiki a masana'antar, ya durƙusa gabanta yana kuka.

"Yaya, ki yafe mini. Ni nake kashe na'urar nan."

"Kai?" in ji Tasalla. "Kai da kake cin tuwo a gidan nan, kana jin tarinsa?"

Nan ya kwance mata komai, ashe su uku ne.

Na farko manaja, Injiniya Mamuda, shi ya ba da umarni. Hujjarsa, na'urar tana lashe wuta mai yawa, in aka bar ta kullum sai an rage wa asibitin gari da gidan ruwa. Ba ƙarya ya yi ba. Amma fa nasa iyalin tuni ya kwashe su zuwa can gefen garin da hayaƙi ba ya kaiwa.

Ta biyu Malama Uwani, jami'ar da gwamnati ta ɗora wa duba wurin. Ta san komai. Duk ranar dubawa sai ta buga waya ta ce ga ta nan tafe, a kunna na'urar, ta zo ta sa hannu ta tafi. Ta taɓa rubuta gaskiya a kan wata masana'anta, aka jefa ta wani ƙauye shekara huɗu, nesa da 'ya'yanta. Tun daga nan ta rantse ba ta ƙarawa.

Na uku Ɗanlami. Shekara bakwai yana yawon neman aiki kafin ya samu wannan, ga 'ya'ya shida. Ya san in ya ƙi, kafin la'asar an ɗauki wani. Sai dai hannunsa ne ke kashewa, kuma watanni biyar bai buɗe baki ya ce wa yayarsa ta ɗauke mijinta daga wurin ba.

Da Tasalla ta fita takaba, ta ɗauki wani farin zanin gado da hayaƙi ya mayar kamar gindin tukunya, ta rataye a ƙofar masana'antar, ta tsaya tana faɗin abin da aka yi mata har unguwa ta taru. Dole aka kunna na'urar. Sannan mai unguwa ya tara mutanen uku a zaurensa, ya roƙe ta ta yafe.

Tasalla ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Ranka ya daɗe, biyu zan iya yafe wa. Ɗaya kuwa, sai mun tsaya gaban Allah." Ta ja mayafinta ta fita, ba ta kama suna ba.

To, ku da kuka ji, tsakanin mai umarni, da mai sa hannu, da ɗan'uwan da ya yi shiru, wane ne bai cancanci yafiyarta ba?