Sauri-Sauri da Mutanen Ƙarƙashin Gada

An yi wani mutum da ake kira Sauri-Sauri, domin in ya tambaye ka abu, kafin ka buɗe baki ya riga ya ba kansa amsa. Da gwamnati ta ɗauki nauyin bincike kan marasa matsuguni, sai ya samu shiga cikin masu zuwa tambaya. Aka ba shi takardu arba'in, aka tura shi wajen masu kwana a ƙarƙashin gada.

Shugabar binciken ta ja masa kunne. "Abin da ka rubuto shi za a yi musu. Ƙarya ɗaya, bakin aikinka."

Gogan naka ko hanyar gadar bai bi ba. Ya baje a bencin mai shayi, ya cike takardun tas. Duk inda aka ce me mutum ya fi buƙata, ya dangwara "bargo".

Mai shayi ya ce, "Ka tambaye su kuwa?"

"Mai kwana a waje me zai nema, firji?"

Da shugabar ta duba takardun, ta ce, "Mutum arba'in, baki ɗaya? Tashi mu je."

Suka tarar da wani dattijo zaune a kan buhu. Ta durƙusa ta gaishe shi. "Baba, an ce bargo kake so."

Ya yi dariya har da tari. "'Yata, uku gare ni. Kowa ya zo bargo yake kawowa. Ni kafinta ne, kayan aikina ne a buhun nan da na danne. In na bar su a sace, in na ɗauka a ka, mai ba da aiki ya ce ga mahaukaci. Wurin ajiya mai makulli muke so."

Shugabar ta juya ga Sauri-Sauri, ta miƙa hannu. "Kawo katin aikinka."

Dattijo ya ce, "Kar ki kore shi, bar mana shi." Ya shimfiɗa bargo ɗaya. "Zauna, ɗana. Yau dai bargon ya yi amfani."

Kwana tara Sauri-Sauri ya yi yana zuwa, yana rufe baki yana rubutu. Da rahoto ya fita, aka buɗe musu ɗakin ajiya da wurin wanka, kuma dattijon nan aka ba aikin haɗa akwatunan ajiyar.

Darasin shi ne, in an aike ka ka jiyo buƙatar mutum, to je ka zauna ka bar shi ya faɗa da bakinsa. Wanda ya rasa ɗaki bai rasa hankali ba, ya fi ka sanin abin da ke damunsa.