Raƙumin da Ya Shanye Fadama

Ga ta nan, ga ta nanku, ta jiƙe sharkaf!

Ta zo mu ji ta, mu shanya ta.

Raƙumi ne ya baro hamada ya zo hutu wani gari a bakin tafki. Aka kai shi fadamar da baƙi ke kallon tsuntsaye. Kwaɗo mai gadi ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Nan kallo kawai ake yi."

Raƙumi ya ga ruwa kwance, ba mai sha. A garinsu kuwa, mahaukaci ne kaɗai ke wuce ruwa. Ya kafa baki, zuuu, sai da ya bar taɓo.

Kwaɗo ya ɗora hannu a ka. "Wayyo! Matata Ladingo na ciki tana wanki! Amayo ta!"

Raƙumi ya ce, "Abin da ya shiga, sai rani."

Sai ga muryar Ladingo daga tumbinsa: "Ƙyale ni, Maigida! Nan ba zalɓen da zai cinye ni. Miƙo min sabulu!"

Da baƙi suka iso, Kwaɗo ya jera su layi, kowa ya kara kunne a tumbin Raƙumi ya saurari fadama. Raƙumin da ya zo kallo, shi ake kallo, har yau an hana shi komawa gida.

Ƙurunƙus, kan tarwaɗa!