Gyaɗar da ta tsiro a ƙofar Gafiya

An yi wata fadama da kuregu da gafiyoyi suke zaune a cikinta, layin gamba ne ya raba su tun kaka da kakanni. Kuregu gyaɗa suke binnewa a ɓangarensu, gafiyoyi kuwa gurjiya.

Shugabar gafiyoyi, wadda kowa ke kira Gafiya kawai, ba ta taɓa ganin abin wani ta kau da kai ba. Da rani ya yi sai ta tuge gambar nan tas, ta ce ƙasarsu ta kai har bakin rafi.

"Ƙarya kike yi!" in ji Kurege, shugaban kuregu, mai saurin fushi. "Ina gambar da kakanninmu suka dasa?"

"Wace gamba? Nuna mini ita mana!"

Da rigima ta yi tsanani, aka kira Bushiya ta tattara shaida. Bushiya ba ta da gaggawa. Ta bi tsofaffi rami-rami tana tambaya, amma kowane tsoho danginsa ya goya wa baya.

"Bakinku bai zo ɗaya ba," in ji Bushiya. "To, mu jira ruwa. Kowa yana mance wani abu daga abin da ya binne. Inda gyaɗa ta tsiro na kuregu ne, inda gurjiya ta tsiro na gafiyoyi."

Gafiya ta ji daɗi ƙwarai. Ta cika kumatunta da gurjiya, ta nufi bakin rafi don ta binne a can. Amma kwaɗayi ya ci ƙarfinta, ta cinye a hanya. Ta koma ta sake ɗebowa, ita ma ta bi 'yar'uwarta.

Abin da ta mance kuwa shi ne, ta daɗe tana satar gyaɗar kuregu tana binnewa kewaye da raminta.

Ruwa ya sauka, ƙasa ta yi kore. Bushiya ta fito da jama'a ana bin tsiro. Bakin rafi gyaɗa. Tsohon layin gamba gyaɗa. Aka yi ta bi, har ƙofar Gafiya, gyaɗa ce ta yi shar.

"Ashe ma a ƙasarmu kike kwana!" in ji Kurege.

"Wallahi nan gidan ubana ne!"

"To, yaya aka yi gyaɗa ta zo nan?" Bushiya ta tambaya a hankali.

Gafiya ta dubi kuregun da suka zagaye ta, tsoro ya hana ta faɗin cewa satowa ta yi. Nan aka dasa sabuwar gamba a bayan raminta. Ta kwashe 'ya'yanta ta koma kan tudu, danginta ma suka daina gaishe ta.

Darasin wannan labari shi ne, wanda ya goge iyaka don ya ci na maƙwabci, ya goge shaidar da za ta kare masa nasa.