Kurege Maroƙin Hawainiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, kunnuwa a buɗe!

Kurege ne ya je koyon adon magana wurin Malam Dila. Darasi guda ya ɗauka, na kamanta wani abu da wani. Sai ya tsere, yana ta bugun ƙirji wai ya sauke.

Ranar rawar kaka ta zo. Ba mai shiga fage sai maroƙi ya yi masa kirari. Shaho ne sarkin fage, dokarsa kuwa ɗaya: maroƙin da ya faɗi abin da ido ya ƙaryata, shi ne kalacinsa.

Hawainiya a lokacin launinta ɗaya, toka-toka, ba wanda ya yarda ya wasa ta. Kurege ya ce, "Yaya, taho. Ni ko dutse na wasa sai ya taka rawa."

Ya buɗe baki: "Ga koriya shar kamar ganyen rama!"

Shaho ya leƙo ya ce, "Kai ɗan nema, ina koren?"

Kurege ya matsa kusa da Hawainiya. Ya raɗa mata, "Yaya, rufa mini asiri." Hawainiya ta yunƙura, ta yi nishi, ta koma kore shar. Fage ya ɗau guɗa.

Kan Kurege ya fara kumbura. "Ga ja wur kamar barkono!"

Ta harare shi, ta sake nishi, ta yi ja wur. Ta ce, "Ƙanena, ya isa haka, haƙarƙarina ciwo yake."

Ina! Daɗin tafi ya kwashe shi. Ya faɗa kambamawa, darasin da bai zauna ya koya ba, balle ya san inda ake tsayawa. "Ga wadda ta fi giwa girma! In ta yi atishawa kogi ya ƙafe!"

Shaho ya gyara farce ya ce, "To, mu gani."

"Yaya, ɗan ƙoƙarta mana!"

Hawainiya ta ce, "Launi dai na iya. Giwar kuwa, kai ka kumbura."

Shaho ya kawo sura. Kurege ya zuba a guje, ya afka rami, iskar fiffike na kaɗa masa wutsiya.

Shi ya sa har gobe Kurege a rami yake kwana, in ya fito sai ya miƙe tsaye ya dubi sama. Hawainiya kuma tana sauya launi, tana tafiya sannu-sannu, don gajiyar ranar ba ta sake ta ba.

Ƙurunƙus, kan kurege a bakin rami!